Faransis Mutumin Asisi

'Yan'uwana ɗalibai, bari in ba ku labarin Faransis na Asisi, a ƙasar Italiya. Ubansa attajiri ne, mai fataucin tufafi. Yaro ya tashi cikin daula, ba abin da ya sani sai shagali. A 1202 aka kama shi a yaƙi, ya shekara a kurkuku, ya fito da ciwo. Daga nan zuciyarsa ta juyo ga Almasihu. Da uban ya kai ƙararsa gaban bishop, don ya ba da dukiyar gida a gyara majami'a, sai ya mayar masa da kuɗinsa, har da rigar wuyansa. Abin da ya fi ba ni mamaki, kutaren da dā yake ƙyama, su ya koma yana jiyya. Ya rasu a 1226, bai mallaki ko anini ba.