Mika'ilu Iwene Tansi, Yaron Makarantar Fada

A wannan wata za mu ba da labarin wani mutumin ƙasar Ibo wanda ya rasu tun shekara ta 1964, sunansa Mika'ilu Iwene Tansi. Wataƙila wani zai ce, me ya kawo labarin Fada cikin jaridarmu? Gaskiya ne akwai abubuwa da ba mu yarda da 'yan Katolika a kansu ba, kamar roƙo ta wurin tsarkaka da hana firist aure, ba mu kuwa taɓa ɓoye wannan ba. Amma zancen da ke gabanmu na makarantar yara ne da malaminta, wannan kuwa ya shafi kowace ekklesiya da ke da yara a cikinta.

An haifi Iwene a watan Satumba na 1903 kusa da Aguleri, a bakin kogin Anambara, arewa da Anaca. Iyayensa manoma ne, talakawa, masu bin addinin kakanninsu. Sunan ubansa Tabansi. Kafin a haifi yaron, ma'aikatan kamfanin Turawa da ke mulkin bakin Kwara a zamanin nan sun taɓa kama Tabansi suka kulle shi. Abin ya tsaya masa a rai. Sunan da ya raɗa wa ɗan, ma'anarsa roƙo ne kada ƙiyayya ta hallaka mutum. Ya kuma ƙudura sai ɗansa ya san karatun Bature, domin kada a sāke cutar gidansa. Ku duba fa, ba neman Almasihu ya sa aka kai yaron makaranta ba. Uba ne ya ke neman abin da zai tsare gidansa, Allah kuwa yana da nasa nufi.

Su Fada sun iso Anaca a 1885, ba da daɗewa ba suka kafa wata unguwar Kirista a Aguleri. Daga 1905 shugabancin aikinsu ya koma hannun Fada Shanahan, mutumin Ailan, wanda ya ga cewa ƙofar shiga gari ita ce makarantar yara. Ya baza makarantu cikin ƙauyuka, ya sa ƙarfinsa wajen samun malamai 'yan ƙasa. Fada ya kan zo ya wuce, amma malami yana nan dare da rana. Shi ne mai koyar da karatu, shi ne mai bi da addu'a, shi ne mai kiran yara da sassafe.

A 1909, Iwene yana da shekara shida, aka kai shi unguwar nan, wadda a ke kira Nduka, aka danƙa shi a hannun wani ɗan'uwan uwarsa, Robert Orekie, malami a makarantar Yusufu Mai Tsarki. Yadda a ke yi a lokacin, yaron da ke zaune gidan malami shi ne mai ɗebo ruwa, da itace, da shara, da hura wuta, sa'an nan ya ɗauki allonsa ya tafi aji. Abin da a ke koya musu shi ne karatu da rubutu, da lissafi, da Turanci, da katekisma wadda su ke haddacewa da ka. Malam Orekie mutum ne mai tsanani ƙwarai, ba ya ƙyale laifi kome ƙanƙantarsa, ba ya kuwa jin nauyin bulala. A nan yaron ya koyi tashi da asuba, da kiyaye lokaci, da gama aikin da aka sa shi ba tare da gunaguni ba.

Ba mu yabon dūka. Yara nawa ne bulala ta kora daga makaranta, har suka ƙi karatu da addinin gaba ɗaya? Amma akwai wani abu a wurin malaman nan wanda ya fi bulalarsu ƙarfi, watau yaro yana ganin zamansu. Wanda ya koya masa addu'a a aji, da shi ya ke kwana gida ɗaya, yana ganin ko yana yin addu'ar ko ba ya yi. Malamin da ya ke zuwa da safe ya koma wani gari da azahar ba shi da wannan iko a kan yaro.

Tun yana ƙarami wani tsautsayi ya same shi. Suna wasan jifa da laka shi da 'yan'uwansa yara, aka same shi a ido, idon nan ɗaya bai ƙara gani da shi ba. Da ido ɗaya ya yi dukan karatunsa. Abokan karatunsa sun shaide shi da naci a kan littafi, da daɗewa cikin ɗakin sujada. A watan Janairu na 1912 aka yi masa baftisma, aka sa masa suna Mika'ilu. Bisa ga al'adar mutanensa a kan yi wa ɗa namiji ɗan gunki nasa na kansa. Yaron ya je ya farfasa nasa. Shekararsa ba ta kai tara ba. Mu da muka fito daga gidajen da a ke tsafi mun san wannan ba ƙaramin abu ba ne ga babba ma, balle yaro.

Yana da shekara 16 ya sami takardar gama makaranta, wadda a zamanin nan ta isa a ba mutum aji. Ya koyar shekara uku a makarantar Triniti Mai Tsarki a Anaca, sa'an nan aka komo da shi Aguleri ya zama hedimasta a makarantar da ya yi ƙuruciyarsa. Cikin shekarun nan ne baƙin ciki mai girma ya auko masa. A 1922 wani boka ya ɗora wa uwarsa laifin mutuwar yara a garinsu, ya ce mayya ce, aka tilasta mata shan dafi, ta mutu. Ɗan bai nemi ramuwa ba.

A 1925 ya bar aikin malanta ya shiga makarantar koyon aikin firist a Igbariam. Danginsa ba su so ba ko kaɗan. Sun ga an kai shi makaranta domin ya ɗauki nauyin gida, ga shi ya sami albashi da girma, sai ya zaɓi hanyar da ba aure ba dukiya. Ya yi shekara 12 yana shiri. Ran 19 ga Disamba 1937 Bishof Heerey ya naɗa shi firist a Anaca.

Ya fara aiki a Nnewi, daga nan Dunukofiya, da Akpu, da Aguleri. Ko ina ya je, halin malamin makaranta bai rabu da shi ba. Ya kan yi tafiya da ƙafa ko da keke daga ƙauye zuwa ƙauye, ya kan shiga kwaɓa ƙasa tare da masu gini. Ya gina makarantu, da ɗakunan kwana domin yaran manyan aji su zauna kusa da shi, kamar yadda ya zauna kusa da nasa malami. Ya kafa gidajen da 'yan mata masu shirin aure za su zauna su koyi karatu da aikin gida har ranar biki, gama ya ƙi jinin a kai yarinya gidan miji kafin a ɗaura aure. Ya tsaya wa mata a inda a ke wulakanta su. Tsananin Malam Orekie ma ya gāje shi, har mutane suna tsoronsa. Sai dai abin da ya ɗora wa wani, ya riga ya ɗora wa kansa ninkinsa, abincinsa kaɗan, barcinsa kaɗan, tufarsa mai araha.

A Dunukofiya, cikin 1941, ya yi wa wani yaro mai shekara tara baftisma, sunansa Francis Arinze. Yaron nan ya zama Babban Bishof na Anaca a 1967, aka kuma naɗa shi Kadinal a 1985. Ba shi kaɗai ba, yara da yawa da suka tashi a hannun Tansi sun zama firistoci da malamai.

A 1950 ya tafi Ingila ya shiga gidan sufaye na Dutsen Bernard Mai Tsarki, kusa da Lesta, inda aka ƙara masa suna Sifiriyan. Nufin bishof nasa shi ne ya koyo irin zaman nan ya kawo shi gida. Mutumin da dubbai su ke jin maganarsa ya koma aikin ɗakin cin abinci da ɗinkin littattafai, cikin sanyin da bai saba da shi ba. Da aka shirya buɗe sabon gidan sufaye kusa da Bamenda a Kamaru, aka zaɓe shi ya zama mai koyar da sababbin shiga, amma ciwo ya hana shi tafiya. Ya rasu a asibitin Lesta ran 20 ga Janairu 1964, yana da shekara 60.

Daga baya aka kawo ƙasusuwansa Anaca. Ran 22 ga Maris 1998 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya zo Oba, kusa da Anaca, ya sa shi cikin waɗanda Katolika ke kira masu albarka. Shi ne ɗan Nijeriya na fari da aka yi wa haka.