Gunpei Yokoi: Mai gyaran inji da ya saka gem a aljihun yaran duniya

Duk wanda ya tashi a Aboabo, Asawase ko Sabon Zongo a shekarun 1990, da wuya a ce bai taɓa riƙe wani ɗan akwati mai ruwan toka ba, mai ƙaramin allo kore-kore da maɓalli irin alamar tarawa a gefen hagu. Wani yayansa ne ya aiko masa daga Turai, wani kuma a cikin kayan gwanjo aka tsinto masa a kasuwa. Sunan akwatin Game Boy. Mutumin da ya jagoranci ƙera shi kuwa sunansa Gunpei Yokoi, kuma a ƙasan kamfani ya fara, wajen gyaran inji.

An haifi Yokoi ranar 10 ga Satumba, 1941, a birnin Kyoto na ƙasar Japan. Ya karanta fasahar lantarki a Jami'ar Doshisha da ke birnin. A 1965 ya samu aiki a kamfanin Nintendo. Kada ka ɗauka Nintendo ɗin da muka sani yau ne fa. A lokacin kamfanin katin wasa ne, wanda aka kafa tun 1889, yana buga wani irin kati mai zanen furanni da ake kira hanafuda. Aikin Yokoi shi ne ya kula da injinan buga katin, in sun lalace ya gyara.

Aikin ba shi da yawa, don haka yakan samu lokaci ya riƙa haɗa 'yan tarkace. Wata rana a 1966 shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya shigo masana'anta ya tarar da shi yana wasa da wani hannu mai miƙewa da ya ƙera, wanda ake matsewa ya ɗauko abu daga nesa. Yaro ya zaci kora ce ta zo. Sai shugaban ya umarce shi ya mayar da abin kayan sayarwa. Aka sa masa suna Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga nan aka ɗauke shi daga wajen inji aka ba shi sashen ƙirƙirar kayan wasa. Ya yi na'urar jefa ƙwallo, ya yi bindigogin wasa masu harba haske, har kamfanin ya fara karkata daga kati zuwa lantarki.

Babban juyi ya zo a ƙarshen shekarun 1970. Yana cikin jirgin ƙasa mai gudu sai ya hango wani ɗan kasuwa da zaman ya ishe shi, yana ta danna maɓallan kalkuleta don kashe lokaci. Yokoi ya lura cewa allon kalkuleta ya yi araha ƙwarai a lokacin, saboda kamfanoni sun cika kasuwa da shi. To me zai hana a saka wasa a ciki? A Afrilun 1980 aka fito da Game & Watch, ɗan abin da ke shiga aljihu, wasa ɗaya a ciki haɗe da agogo. An sayar da fiye da miliyan 43 kafin a daina yinsa a 1991. A ɗaya daga cikinsu, na Donkey Kong da ya fito a 1982, aka fara saka maɓallin nan mai kusurwa huɗu: sama, ƙasa, hagu, dama. Ka duba pad ɗin da ake bugawa a gidajen gem na Zongo yau, za ka ga jikan wannan maɓalli.

Shi ne kuma ya riƙe hannun wani matashin mai zane, Shigeru Miyamoto, lokacin da ake haɗa Donkey Kong a 1981, wasan da Mario ya fara bayyana a cikinsa. Sashensa ne ya fito da Metroid a 1986.

Yokoi yana da wata aƙida ta aiki da ya riƙe har mutuwarsa: kada ka bi sabuwar fasaha mai tsada, ka ɗauki wadda ta tsufa, ta yi araha, kowa ya san halinta, ka nemo mata wani sabon amfani da ba a taɓa tunani ba. Makanikan Suame Magazine ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Su ma ai da tsohon ƙarfe suke fitar da sabon abu.

Game Boy ne ya gwada gaskiyar wannan aƙida. Ya fito a Japan ranar 21 ga Afrilu, 1989, aikin Yokoi da mataimakinsa Satoru Okada da sauran ma'aikatan sashensu. Allonsa ba kala, ba fitila a ciki, in dare ya yi sai ka matsa kusa da haske. Abokan hamayya suka fito da masu kala: Atari ta kawo Lynx, Sega ta kawo Game Gear. A ido sun fi kyau nesa ba kusa ba. Amma Game Gear batir shida yake ci, cikin 'yan awoyi kaɗan ya shanye su. Game Boy batir huɗu kawai, kuma ya kai ka sama da awa goma. Ga araha, ga ƙwari. Akwai wani da ya ƙone a lokacin yaƙin Gulf na 1991, jikinsa ya narke, amma ya ci gaba da aiki, har aka ajiye shi shekaru ana kallo a shagon Nintendo na New York. Da aka haɗa shi da Tetris, wasan jera bulo da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Tarayyar Sobiyet, sai manya ma suka kama. Game Boy da ƙanensa mai kala sun haura miliyan 118. Mu da muka san ɗauke wuta da tsadar batir, mun fi kowa gane dalilin wannan nasara.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. A 1995 aka fito da Virtual Boy, na'urar da ake leƙawa ta cikin wani abu kamar tabarau, hotonta ja da baƙi kawai. An hanzarta kai ta kasuwa, masu wasa suka yi ta kukan ciwon kai da gajiyar ido. Ba ta kai ko miliyan ɗaya ba, kusan 770,000 aka sayar, kuma cikin shekara guda aka janye ta. Mutumin da ya shafe shekara 30 yana kawo wa kamfani arziki, sai ga sunansa a kan babbar faɗuwa.

Bai tafi nan take ba. Ya tsaya ya kammala Game Boy Pocket, ƙarami kuma mai allo mafi kyau, wanda ya fito a Yulin 1996, sannan ya ajiye aiki a watan Agusta. Jama'a suka yi ta cewa faɗuwar Virtual Boy ce ta kore shi. Shi da kansa ya musanta haka, kuma waɗanda suka yi aiki da shi sun ce tun da daɗewa yake da niyyar barin kamfanin ya tsaya da ƙafarsa. Ya kafa nasa kamfani mai suna Koto, ya fara aiki da Bandai a kan wata sabuwar na'urar hannu, WonderSwan, ita ma ba kala, da batir ɗaya tak.

Bai ga fitowarta ba. Ranar 4 ga Oktoba, 1997, motar da yake ciki ta bugi bayan wata babbar mota a kan babbar hanyar Hokuriku, a yankin Ishikawa. Ya fito ya duba ɓarnar, sai wata mota da ke wucewa ta buge shi. Ya mutu yana da shekara 56. WonderSwan ta fito a 1999, kuma ɗaya daga cikin wasanninta na farko an sa masa suna Gunpey don tunawa da shi. A 2003 taron masu ƙera wasanni na duniya ya ba shi lambar yabo ta aikin rayuwa, bayan mutuwarsa.

Yau waya ta gaji Game Boy, yaranmu a kanta suke buga gem a bakin shago da cikin tiroto. Amma tunanin cewa wasa zai iya shiga aljihu ya bi ka duk inda za ka, daga wajen mai gyaran injin kati na Kyoto ya samu gindin zama. Matasan Zongo da ke gyaran waya da haɗa tsofaffin kayan lantarki, kada su raina teburinsu. Shi ma daga irin wannan tebur ya fara.