Kanar Stauffenberg: Maci amana ko ɗan kishin ƙasa?

Ɗan'uwa matashi, ka rantse za ka bi shugaba, sai ya koma kashe bayin Allah. In ka juya masa baya, ka ci amanar ƙasa ke nan?

An haifi Claus von Stauffenberg a Jamus a 1907. Soja ne da ya yi wa Hitler rantsuwar biyayya. A 1943, a fagen daga a Tunisiya, ya rasa ido ɗaya, hannun dama da yatsu biyu. Kisan kiyashin da ake wa Yahudawa da yadda yaƙi ke cinye ƙasarsa suka sa ya dawo daga rakiyar Hitler.

Ranar 20 ga Yuli, 1944, ya ajiye jaka mai bom a ɗakin taron Hitler. Mutum huɗu suka mutu, Hitler ya sha da ƙyar. A daren nan aka harbe Stauffenberg a Berlin, yana shekara 36, aka laƙaba masa cin amana.

A 1952, wata kotun Jamus ta yanke wa Otto Remer ɗaurin wata uku don ya kira su Stauffenberg maciya amana.

Ka ga, shugaba daban, ƙasa daban. Sai dai fa ba kowane mai juyin mulki ne Stauffenberg ba. Duba wa ya kifar, kuma don me.