Hajiya Gambo Sawaba: Matar da Duka Bai Rufe wa Baki Ba

Da yake bana ƙungiyarmu ta ƙara shekara, muka ga ya dace a wannan shafi mu tuna da wata uwa da ta riga mu gidan gaskiya, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Da yawa cikinmu sunanta kawai muke ji a rediyo, sai da muka shiga ajin yaƙi da jahilci muka karanta tarihinta da idonmu.

An haife ta a 1933. Sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa don ta biyo tagwaye ne. Mahaifinta mutumin Gana ne, ma'aikacin jirgin ƙasa, mahaifiyarta Banufiya. Iyayen sun rasu tana ƙarama, karatun firamare ya tsaya, aka yi mata aure tana shekara 13 da wani tsohon soja. Ya tafi ya bar ta da ciki, bai dawo ba. To, wannan ai ba baƙon labari ba ne a Jibiya. Kowace unguwa da irin tata Hajaratun.

A 1950 aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar su Malam Aminu Kano mai neman sawaba ga talaka. Gambo ta shiga tana da shekara 17, a lokacin da ko namiji sai ya waiga kafin ya ambaci sunan jam'iyyar, saboda tsoron En'e da 'yan doka. Ana ba da labarin wani taro a Zariya da maza suka yi shiru, ita ta hau dandamali ta yi magana. Ta je har Abeokuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta haɗa kan matan kasuwa suka yaƙi harajin da aka ɗora musu. Matan kasuwa fa, irinmu. Kalmar sawaba ma ta tsallaka iyaka: a Nijar jam'iyyar Djibo Bakary Sawaba ake kiranta, har aka haramta ta a 1959. Tsofaffin Maraɗi da muke ciniki da jikokinsu sun san wannan suna.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne abin da jikinta ya sha. Ta riƙa shiga gida-gida tana magana da matan kulle a kan auren wuri, aikin tilas, karatun 'ya'ya mata da 'yancin jefa ƙuri'a. A kan haka aka kai ta gaban alƙali a Kano, aka ɗaure ta, aka kore ta daga garin. An lissafa ɗauri har sau 16. An yi mata bulala, an aske mata kai da fasasshiyar kwalba, 'yan banga sun tare ta sun yi mata dukan kawo wuƙa suka yar da ita a daji. Ga zagi kuma, irin wanda ake yi wa duk macen da ta ɗaga murya, na ɓata suna.

Masu dukan nan lissafinsu ɗaya ne, kunya za ta sa ta koma ɗaki ta ja ƙofa. Gambo ba ta ɗauki kunyar ba. Tana fitowa sai ta faɗi abin da aka yi mata a gaban jama'a, ta koma taro. Mu kuwa sau nawa 'yar uwa ke zuwa rumfa da kumburarren ido ta ce ƙofa ce ta buge ta, mu ce sannu, mu ci gaba da awon wake? Mun sani, ta san mun sani. Haƙuri abu ne mai kyau, iyayenmu sun koya mana, amma wanda ya kai mace asibiti da karaya wallahi ba shi addini ya ce a yi ba.

A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa ba su jefa ba. Sai 1976 aka ba mu, muka yi babban zaɓe a 1979. A lokacin tana cikin shugabannin jam'iyyar GNPP. Siyasa ba ta tara mata dukiya ba. Gidanta a Zariya cike yake da marayu da waɗanda ba su da wurin zuwa, ba ta tambayar ƙabila ko addini. A ganinmu wannan ya fi kowace lambar yabo, don macen da aka kora da dare ɗaki take nema da tuwo, ba jawabi ba. Ta rasu a watan Oktoba 2001. Akwai babban asibiti da sunanta a Zariya. Allah ya jiƙanta.

Tun 2015 Najeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, amma doka ba ta san gidan da ake kuka ba sai an kai ta. Nan garin, rufe boda a 2019 da 2023 ya karya jarin mata da yawa, ga waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka da 'ya'ya a hannu. Mace marar ko sisi ita ce ke zama a inda ake dukanta. Don haka muna roƙon a tattauna abu biyu a taro mai zuwa: a ware wani abu daga adashinmu don kuɗin mota da magani na gaggawa, a kuma zaɓi dattawan mata da za su riƙa raka 'yar uwa wajen mai unguwa, asibiti ko 'yan sanda. Mazajenmu da ke karanta wannan, ku ma muna gayyatarku.