Nana Asma'u: Malamar da ta ɗora kula da raunana a wuyan al'umma

An haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Ɗagel a shekarar 1793. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da marayu da matan da yaƙi ya raba da mazajensu. Bayan ƙura ta lafa mahaifinta ya zauna a Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga ta yanzu, kan hanyar da ta bi ta Shagari, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ita kuwa ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, ta bar rubuce-rubuce kimanin sittin. Daga cikinsu akwai Tabshirul Ikhwan na 1839, wanda ya tattara surori da addu'o'in neman waraka, a zamanin da mai larurar da aka kasa gane kanta ba ya wuce hannun 'yan bori.

Babban abin da ta bari shi ne 'Yan Taru. A kowane ƙauye takan zaɓi dattijuwa mai amana ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji ke jagorantar tsofaffin mata da 'yan mata zuwa wurinta. Sukan zo da hatsi da zuma da ƙyalle, ita kuma ta raba wa marasa lafiya da mabuƙata. In sun koma gida sai su karantar, su yi jinya, su taimaki masu haihuwa, su yi wa mamata sutura. Babu albashi, babu umarnin hukuma. Aiki ne na sa-kai mai shugabanci da tsari.

Ta rasu a 1864, aka yi mata makwanci a Hubbaren Shehu. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, har ma a wannan zamani wasu mata Musulmi a Amurka sun kafa ƙungiya da wannan suna.

A yau gidaje da dama na ɓoye yaro mai larurar galahanga ko jinkirin fahimta, a ce aljanu ne, a bar uwa ita kaɗai da ɗawainiya. Najeriya ta samu dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a 2019, amma doka ba ta shiga ɗakin uwar da ta kwana ba barci. Mace amintacciya daga cikin unguwa, wadda aka horar ta san alamomin larurar da asibitin da za a nufa, ita ce ke iya shiga. Hanyar da Nana Asma'u ta bi ke nan. Allah Ya jiƙanta da rahama.