Jemis Jul, Mutumin Da Ya Auna Zafin Motsi

'Yan'uwana ɗalibai, kullum muna rubuta kalmar jul a darasin kimiyya a matsayin ma'aunin ƙarfi, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san cewa sunan mutum ne. Saboda haka na ga ya kamata in ba ku tarihinsa a taƙaice.

An haifi Jemis Jul ran 24 ga Disamba, 1818, a garin Salfod kusa da Mancesta a ƙasar Ingila. Ubansa attajiri ne mai masana'antar giya. Jul bai shiga jami'a ba, a gida aka koyar da shi, sa'an nan ya ɗauki karatu wajen shahararren masanin nan Jon Dalton.

A zamanin, yawancin masana sun ɗauka zafi wani irin ruwa ne da ido ba ya gani, wanda ke kwarara daga abu mai zafi zuwa mai sanyi, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Jul kuwa ya ce motsi yana iya rikiɗa ya zama zafi. Da ya bayyana wannan a taron masana a 1843, ba wanda ya kula shi.

Maimakon ya yi fushi, sai ya koma ga awo. Ya sami tukunyar tagulla ya cika da ruwa, ya sa mata wani abu mai fikafikai kamar maburgi, ya ɗaura masa igiya mai nauyi a baki. Idan nauyin ya sauka ƙasa, sai maburgin ya juya, ruwan ya yi ta gugar juna, ya ɗan yi ɗumi. Ɗumin ƙanƙane ne ƙwarai, don haka ya yi ta maimaita gwajin shekara da shekaru. A 1850 ya fitar da sakamako: aikin da nauyin laba 772 zai yi in ya sauko ƙafa 1, shi ne zai ƙara wa ruwa laba 1 zafin digiri 1 na ma'aunin Faranhait. A lissafinmu na yau, ana bukatar wajen jul 4.2 kafin giram 1 na ruwa ya ƙaru da digiri 1 na Salsiyos. Wato ƙarfi ba ya ɓata, sai dai ya sāke kama. Duk wanda ya taɓa buga wa keke iska, ya ji famfon ya yi zafi, ya shaida haka.

A taron Oksfod na 1847, wani saurayin malami, Wiliyam Tomsin, wanda daga baya aka sani da Kelbin, ya saurari Jul da kyau. Daga 1852 suka haɗa kai suna tura iska ta cikin bututu mai toshiya, wadda ke da 'yan ƙananan kafofi. Suka gano cewa idan matsattsiyar iska ta kutsa ta fita inda matsi ya ragu, sai ta ɗan yi sanyi. Da wannan ilimi ne Bajamushe Kal Linde ya mai da iska ruwa a 1895, kuma har yanzu firji yana tura abin sanyayawarsa ta siririn bututu don matsi ya faɗi.

Jul ya rasu ran 11 ga Oktoba, 1889, a garin Sel, a shekarar da masana suka amince a sa wa ma'aunin ƙarfi sunansa.

Ni a ganina, darasin da ke nan shi ne, Jul bai rinjayi manyan masana da yawan magana ba, da ma'aunin zafi ya rinjaye su. To, idan mun shiga ɗakin gwaji, mu daina kwafar amsar littafi, mu rubuta abin da muka auna tsakani da Allah. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.