Richmond Palmer: Daga ƙasar Hausa zuwa tsibirin Kubrus

Duk wanda ya nemi tarihin Daura a rubuce, da wuya bai ci karo da sunan Herbert Richmond Palmer ba. Amma a tsibirin Kubrus, wanda Turawa ke kira Cyprus, sunan nasa ya zama laƙabin wani zamani na mulkin danniya.

An haifi Palmer a Ingila a 1877. Ya karanta shari'a a Jami'ar Cambridge, sannan ya zo Arewacin Najeriya a 1904 a matsayin ƙaramin jami'in mulki, shekara ɗaya bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato.

Katsina da Daura

A Katsina ya fara yin suna. Da hannunsa a tuɓe Sarki Yero a 1906 da kuma ɗora Durbi Muhammadu Dikko, wanda zuriyarsa ke sarautar Katsina har yanzu. A nan ne kuma ya kafa baitulmali na farko, inda harajin ƙasa ke shiga, sarki da hakimai su koma karɓar albashi.

A waɗannan shekaru ne Turawa suka yi wa Daura abin da ba su yi wa sauran manyan masarautu ba. Sun mayar da sarauta ga gidan Haɓe da masu jihadi suka kora a 1805, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura.

Palmer ya duƙufa wajen tattara tsofaffin rubuce-rubucen ajami da na Larabci. A 1908 ya fitar da fassarar Tarihin Kano cikin Ingilishi, a 1928 kuma ya wallafa littafi mai juzu'i uku, Sudanese Memoirs, wanda ya ƙunshi labarin Bayajidda da jerin sarakunan Daura. Daga baya masana irin su Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun soki ra'ayin da ke jingina kafuwar daulolin Hausa ga baƙi daga gabas, ra'ayin da Palmer ya karkata gare shi.

Ya zama Razdan na Borno a 1917, sannan Mataimakin Gwamna mai kula da Arewa daga 1925 zuwa 1930. Bayan shekara uku yana Gwamnan Gambiya, sai aka tura shi Kubrus a 1933.

Tsibiri a bakin Gabas ta Tsakiya

Kubrus ita ce tsibiri na uku a girma a Bahar Rum, bayan Sisili da Sardiniya. Faɗinta murabba'in kilomita 9,251 ne, tana kudu da Turkiyya, yamma da Siriya. Mafi yawan jama'arta Girkawa ne Kiristoci, sai tsirarun Turkawa Musulmi.

Turkawa sun ci tsibirin a 1571. Birtaniya ta karɓi ragamarsa a 1878 domin tsare hanyar jiragenta ta mashigin Suwez zuwa Indiya, ta kuma mayar da shi cikakken yankin mallaka a 1925.

Palmer ya tarar da ƙasar ba ta gama hucewa ba. A watan Oktoban 1931, masu neman haɗewa da Girka sun ƙone gidan gwamna a Nikosiya, Birtaniya kuma ta rushe majalisar dokoki.

Mutumin da ya shafe shekara 26 yana mulki ta hannun sarakuna, a nan bai sami sarkin da zai jingina da shi ba. Jagororin jama'a su ne limaman coci da malaman makaranta da 'yan siyasa, waɗanda gwamnati ke ɗauka a matsayin tushen fitina.

A zamaninsa an ci gaba da haramta jam'iyyu da taruka da ɗaga tutar Girka. An tace jaridu, gwamnati ta riƙa naɗa magadan gari maimakon a zaɓe su, ta kuma ƙara kama makarantu a hannunta. Dokokin da aka kafa a 1937 kan zaɓen babban limamin cocin Kubrus sun taimaka wajen barin kujerar babu kowa daga 1933 har zuwa 1947.

Girkawan tsibirin suna kiran wannan zamani Palmerokratia, wato mulkin Palmer.

Ya bar Kubrus a 1939, ya mutu a 1958, ana tsakiyar yaƙin sunƙuru da ƙungiyar EOKA ta ƙaddamar kan Birtaniya tun 1955. Kubrus ta sami 'yancin kai ranar 16 ga Agustan 1960, makonni kaɗan kafin Najeriya, kuma babban limamin coci, Makarios, shi ne ya zama shugabanta na farko.